Bayan Ka Tura Maƙala: Yadda Mujallun Kimiyya Ke Tantance Aikin Marubuci

Duk malamin da ke koyarwa a Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Potiskum, ko Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu, ko Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ya san cewa yawan shekarun aiki kaɗai ba ya kawo ƙarin girma. Sai an duba maƙala nawa ya buga, kuma a wace mujalla. Haka abin yake ga ɗalibin digiri na uku, wanda a jami'o'i da dama ba za a bar shi ya kare kundinsa ba sai ya fitar da wani abu daga ciki an buga. Kowa ya san dole ne a buga. Abin da ba a cika zaunar da mutum a koya masa ba shi ne me ke faruwa tsakanin ranar da ya tura da ranar da amsa ta dawo. Ya tura, shiru kamar an aiki bawa garinsu, wata uku, wata shida, sai ga wasiƙa ɗauke da shafi huɗu na suka daga wasu mutane marasa suna. A nan da yawa ke karaya, su kwashi aikinsu su kai inda za a karɓi kuɗi a buga cikin mako guda.

A ganina, yawancin maƙalunmu da ke mutuwa a hanya ba masu tantancewa ne ke kashe su ba. Suna mutuwa ne a wurare biyu da ke hannun marubucin: kafin su kai ga masu tantancewa, da kuma bayan sun dawo daga wurinsu. Don haka bari mu bi maƙalar sawu da sawu.

Ba taƙrizi ba ne

Mujallar kimiyya ta gaskiya ba ta buga abu don kawai edita ya karanta ya ji daɗinsa. Tana miƙa shi ga mutum biyu ko uku da ke aiki a fannin, su duba ko hujjar da aka kawo ta isa ta ɗauki maganar da aka ɗora mata. Mu da muka taso cikin al'adar malamai mun san taƙrizi: malami ya gama littafi, ya kai wa wanda ya fi shi, shi kuma ya rubuta 'yan layuka na yabo da sa albarka, a buga su a farkon littafin da sunansa. Kada ka je wa mujalla da wannan tunani. A taƙrizi kai ke zaɓen mai dubawa, kuma alheri ake jira daga bakinsa. A mujalla edita ne ke zaɓa, galibi ba za ka taɓa sanin ko wane ne ba, aikin da aka ba shi kuwa shi ne ya nemo aibi.

Mujallun kimiyya sun daɗe. Philosophical Transactions ta fara fita a Landan tun 1665 a hannun Henry Oldenburg. Amma wajabta aika kowace maƙala ga masana na waje bai daɗe haka ba. Mujallar Nature ma sai a 1973 ta mayar da shi doka. Shi ya sa a 1936, da Albert Einstein da abokin aikinsa Nathan Rosen suka tura wa Physical Review maƙala, edita ya dawo musu da ita tare da dogon rahoton wani masani, sai Einstein ya fusata. Ya rubuta cewa shi bai ba da izinin a nuna wa kowa aikinsa ba, ya janye maƙalar. Ashe mai tantancewar, Howard Robertson, shi ke da gaskiya. Da maƙalar ta fito a wata mujalla a shekarar da ta biyo baya, an riga an sauya sakamakonta. Idan ranka ya ɓaci da rahoto, ka san ba a kanka aka fara ba.

Teburin edita

Yau galibi ta shafin intanet na mujalla ake turawa, ta manhajoji irin su Open Journal Systems, wadda mujallun jami'o'inmu da yawa ke amfani da ita, ko Editorial Manager da ScholarOne na manyan kamfanonin ɗab'i. Da ka tura za a ba ka lambar maƙala. Adana ta, domin duk wasiƙar da za ka rubuta nan gaba da ita za ka fara.

Wanda zai fara buɗe aikin ba farfesa ba ne, ma'aikacin ofishin mujalla ne, kuma ba ilimi yake dubawa ba. Yana duba ko ka bi ƙa'idojin da mujallar ta shimfiɗa wa marubuta: yawan kalmomin tsakure, salon jera manazarta, yadda aka tsara jadawali da hotuna. Kowace mujalla na da nata, kuma suna nan a shafinta. Wanda ya tura ba tare da ya karanta su ba ya sanar da edita tun daga ƙofa cewa wata mujalla ce ta koro shi.

Sai a saka maƙalar cikin manhajar gano satar fasaha, Turnitin ko iThenticate, ta gwada ta da miliyoyin rubuce-rubucen da aka riga aka buga. Mutanenmu sun fi damuwa da adadin da manhajar ta nuna, kashi nawa cikin ɗari. Edita kuwa inda kamannin ya faɗo yake kallo. Jimla guda a bayanin hanyoyin bincike ba komai ba ce. Sakin layi guda cur da aka ɗebo daga gabatarwar wani ba tare da ambato ba ya isa a rufe fayil. Dabarar nan ta sa kwamfuta ta musanya kalmomi da 'yan'uwansu don a ɓad da sawu kuma ta tsufa. Turanci maras kai take haifarwa, editoci kuma sun san warinsa.

Idan binciken ya shafi mutane, ko jininsu, ko bayanan asibitinsu, za a nemi lambar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, na ma'aikatar lafiya ta jiha ko na asibitin koyarwa. Kafin a fara aiki ake karɓar wannan takarda, ba bayan an gama ba. Mu a Arewa bai kamata a yi mana dogon bayani a nan ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, yara 11 suka rasu, daga baya kuma ta bayyana cewa takardar amincewar da aka nuna an rubuta ta ne bayan gwajin aka sa mata tsohon kwanan wata. Editan da ya tsananta a kan wannan takarda 'ya'yanmu yake karewa.

Akwai kuma batun sunayen marubuta. Duk wanda ya zauna a ofishin malamai ya san maganar nan: "Malam, in za ka tura a sa sunana, ni ma zan sa naka a tawa." Ƙa'idar editocin mujallun likitanci ta duniya ita ce marubuci shi ne wanda ya sa hannu sosai a tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga cikin rubutun, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma yarda a tuhume shi idan an sami matsala. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne abin tsoro: ranar da aka janye maƙala saboda maguɗi, duk sunan da ke kai ya shafu. Wanda ya ba ka aron mota ko ya biya kuɗin sinadarai, sashen godiya ne wurinsa. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT ba sa zama marubuta, idan kuma ka yi amfani da su, mujallu da yawa na buƙatar ka faɗa.

Bayan duk wannan ne edita zai karanta, kuma sau da yawa take da tsakure da jadawalai kawai zai fara dubawa. Tambaya biyu ce a ransa: wannan aiki na fannin mujallarmu ne, kuma akwai sabon abu a ciki? In amsar a'a ce, zai mayar ba tare da ya aika wa kowa ba. Nature na ƙin fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da ake tura mata, akasari ta wannan hanya. Ƙin da ya zo cikin mako guda gata ne, domin ya bar maka lokacin neman wata mujalla. Sai dai ɗaya bayan ɗaya ake turawa. Tura maƙala guda ga mujallu biyu a lokaci ɗaya laifi ne babba, kuma asiri kan tonu, don sau da yawa masani guda duka biyun za su nema.

A kan batun sabon abu, kada ka raina abin da ke ƙofar gidanka. Russell Schuh ya zo daga Amurka ya zauna a Potiskum a 1969 zuwa 1970 yana nazarin Ngizimanci, daga baya shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri suka fitar da ƙamus na Bolanci da maɗaba'ar Jami'ar Kalifoniya ta buga. Karar shanu ta Potiskum na cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, cutar da ta ɓulla a nan tana iya hawa tirela ta kwana a Kudu. Aikinka ne ka faɗa wa edita haka tun a sakin layi na farko.

Su wane ne masu tantancewa

Edita na samo su daga manazartar da kai da kanka ka jera, daga waɗanda suka taɓa bugawa a mujallar, da kuma rumbunan bayanai. Malamai ne irinka, masu aji da jarrabawa da iyali, kuma a mafi yawan mujallun duniya ba a biyansu ko sisi. Wannan shi ne sirrin jinkirin. Edita kan gayyaci mutum shida ko takwas kafin biyu su amsa, a ba su mako uku ko huɗu, ɗaya ya makara, a yi ta tuni. Idan wata uku ya wuce ba labari, ba laifi ba ne ka rubuta gajeriyar wasiƙa cikin ladabi, da lambar maƙala, kana tambayar inda aka kwana. Sau ɗaya ya isa.

Tsarin ɓoye suna iri-iri ne. A wasu mujallu mai tantancewa ya san ka, kai ba ka san shi ba. A wasu an rufe idon kowa, ba ka san shi ba, bai san ka ba. Wasu kuma sun buɗe komai, har rahoton ma ana bugawa tare da maƙalar. Ga mai rubutu daga Potiskum wannan bambanci ba ƙarami ba ne. A 1982 Douglas Peters da Stephen Ceci sun ɗauki maƙalu 12 da masana daga manyan jami'o'in Amurka suka riga suka buga a mujallun nazarin halayyar ɗan'adam, suka sauya sunaye da adireshi zuwa na ƙage, suka sake tura su ga mujallun da suka buga su tun farko. Uku kawai aka gane. Cikin taran da suka rage, takwas aka ƙi. Adireshi na yin tasiri, ko an yarda ko ba a yarda ba. Don haka idan mujallu biyu sun yi kunnen doki a wurinka, zaɓi mai rufe sunan kowa. Ka kuma taimaka mata: cire sunanka daga jikin maƙalar da sashen godiya, duba bayanan da kwamfuta ke liƙa wa fayil da kanta, kada kuma ka rubuta "kamar yadda muka nuna a aikinmu na baya".

Wasu mujallu za su ce ka ba da sunayen waɗanda kake ganin za su iya dubawa. Ba da masana na gaske, da adireshin imel na wuraren aikinsu, waɗanda ba ofishinku ɗaya ba, ba kuma ka taɓa rubutu tare da su kwanan nan ba. An yi ta kama masu ba da sunan masani na gaske da imel na bogi don su tantance kansu da kansu. A 2017 an janye maƙalu 107 a lokaci guda daga mujallar Tumor Biology saboda wannan.

Abin da idonsu ke nema

A ce wani malamin sashen aikin gona ya yi wata biyu na bazara yana zuwa kwata da asuba, yana duba hantar shanun da aka yanka don neman tsutsar hanta. Ya ƙirga, ya rubuta maƙala mai taken yawaitar ciwon hanta a shanun masarautar Fika, ya ce mata sun fi maza kamuwa, ya rufe da kira ga gwamnati ta raba magani a duk rugage. Aiki ne na gumi. Ga abin da mai tantancewa da ya san fannin zai ce.

Shanun da ake yankawa a kwata daga kara aka sayo su, kara kuma na karɓar shanu daga Borno da Nijar da Chadi. Ina shaidar cewa waɗanda ka duba a ƙasar Fika suka yi kiwo? Ko da na nan ne, makiyayi ba ya fara sayar da lafiyayyar saniya mai ba da nono. Tsohuwa da ramammiya yake fitarwa, don haka kwata na nuna cuta fiye da yadda take a garke. Tsutsar nan ta jikin dodon koɗin fadama take bi kafin dabba ta haɗiye ta a ciyawa, kuma tana ɗaukar watanni kafin ta girma a hanta, to abin da ka gani a bazara an kamu da shi tun da daɗewa, wata biyu kuma ba su ba da labarin shekara. Da ido kawai ka duba, ko ka tsaga hanyoyin ruwan matsarmama? Ka duba kashi a na'urar ganin ƙananan halittu don neman ƙwai? Mata da ka ce sun fi kamuwa, ba don sai sun tsufa ake yanka su ba, alhali bijimai da ƙuruciyarsu ake kawo su? Ka duba haƙora ka raba su bisa shekaru? Kiran da ka yi wa gwamnati kuma, wane jadawali ne a maƙalar ya kai ka can?

Lura da cewa babu inda ya ce aikin banza ne. Kusan duk tambayoyin abu guda suke zagayawa: bakinka ya fi hujjarka girma. Gyaran kuma mai yiwuwa ne. A mayar da take ya zama shanun da aka yanka a kwatar Potiskum a watanni kaza, a sake lissafi bisa shekaru, a fito fili a faɗi iyakar binciken, a rage kiran ƙarshe ya yi daidai da abin da aka gano. Kafin ka tura kowace maƙala, zauna ka yi wa kanka irin waɗannan tambayoyi, ko ka ba abokin aikin da ba ya jin kunyarka.

Hukunci, da wasiƙar da ta fi maƙalar wuya

Masu tantancewa shawara suke bayarwa, edita ke yanke hukunci. Hukuncin ba ya wuce huɗu: an karɓa yadda take, wanda da wuya ka gani a zagayen farko, a yi ƙaramin gyara, a yi babban gyara a dawo da ita, ko an ƙi. Na ukun nan shi ne mutane ke yi wa mummunar fahimta. Babban gyara albishir ne. Edita ya kashe lokacinsa da na mutum biyu a kanka, yana kuma cewa ƙofa a buɗe take. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ranar da rahoton ya zo, karanta shi sau ɗaya ka rufe. Kada ka amsa a ranar. Bayan kwana biyu za ka ga rabin abin da ka ɗauka cin mutunci ne tambaya ce kawai.

Abu biyu za ka mayar: maƙalar da aka gyara, da alama a duk inda ka taɓa, sai wasiƙar amsa. Hanya mafi sauƙi ita ce jadawali mai gida uku. A gidan farko ka kwafo maganar mai tantancewa yadda take, ɗaya bayan ɗaya, kada ka tsallake ko guda, har wadda ta ce ka manta waƙafi. A na biyu ka faɗi abin da ka yi. A na uku ka ba da shafi da layi. Amsar "an gyara" ba tare da nuna inda aka gyara ba tana sa mutumin da ke yi maka aikin kyauta ya koma laluben shafi ashirin, mai lalube kuma ba ya rasa sabon laifi.

Ba dole ne ka yarda da komai ba. In ya yi kuskure, gaya masa, amma da hujja da tausasan kalmomi: mun gode da wannan lura, sai dai mun bar lissafin yadda yake saboda dalili kaza, ga kuma madogara. In bai fahimce ka ba, kada ka ce bai karanta da kyau ba. Sake rubuta wurin, domin abin da ya rikita shi zai rikita mai karatu. In biyun sun saɓa, ɗaya ya ce a faɗaɗa ɗaya ya ce a rage, zaɓi guda ka bayyana wa edita dalili. In an nemi gwajin da ba ka da na'urarsa, faɗi gaskiya, ka sa shi cikin iyakokin binciken. Amma kafin ka ce ba zai yiwu ba, tambaya tukuna. Tun 2021 akwai cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe, wadda Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa ɗan jihar da ke aiki a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya jagoranci kafawa, kuma tana da kayan aikin da a da sai an fita jihar ake samu. In kuwa mai tantancewa ya jero maƙalu bakwai na mutum guda da ba su da alaƙa da aikinka ya ce lallai ka ambace su, wataƙila nasa ne. Sanar da edita a keɓe.

Akwai maganar da ta fi kowace zafi, wato a ce Turancinka na buƙatar gyara. Wani lokaci gaskiya ce, wani lokaci sunanka kawai aka gani. Ko wanne ne, jayayya ba ta da riba. Kai wa malamin sashen Turanci ya bi maka ita, ka gajarta jimlolinka, ka rubuta a amsa cewa an yi.

Kiyaye wa'adin da aka ba ka. In ba zai ishe ka ba, nemi ƙari kafin ya cika, da wuya a hana. In kuwa an ƙi maƙalar bayan tantancewa, ɗaukaka ƙara na da amfani ne kawai idan akwai kuskure ƙarara da za ka iya nunawa. Abin da ya fi shi ne ka yi gyaran da aka faɗa sannan ka tura wata mujalla. Kada ka tura ta yadda take: fanni ƙarami ne, tana iya komawa hannun mutumin da ya duba ta jiya.

Bayan an karɓa

Za a turo maka kwafin da aka tsara don dubawar ƙarshe, galibi da wa'adin kwana biyu ko uku. Duba sunaye da alƙaluman jadawali. Ba lokacin sauya magana ba ne. Ka buɗe lambar ORCID, kyauta ce. Masu suna Muhammad Abubakar a jami'o'in Arewa ba su ƙirguwa, mutum guda kuma kan rubuta sunansa iri uku, wannan lamba ce ke tattara maka aikinka wuri ɗaya.

Batun kuɗi ya bambanta. Mujallun da ke sayar wa ɗakunan karatu da yawa ba sa karɓar komai daga marubuci. Masu barin kowa ya karanta kyauta kan ɗora kuɗin a kan marubuci, wani lokaci mai nauyin gaske; Nature ta sa Yuro 9,500 a 2021. Da yawa suna yafewa ko ragewa ga marubutan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, amma a lokacin turawa ake nema, ba bayan an karɓa ba. Mujallun gida kuma sukan karɓi kuɗin tantancewa daban, na bugawa daban.

Mujallun ci-da-ceto

Karɓar kuɗi kaɗai ba shi ne alamar damfara ba. Alamar ita ce alkawari: imel ya shigo ba ka nema ba, yana kiranka babban masani, yana cewa za a buga cikin kwana uku ko biyar. Ka riga ka ga abin da tantancewa ta ƙunsa, ka san ba ta yiwuwa a kwana uku. A 2013 John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi cike da kurakuran da ɗalibin ajin farko zai gane, kan wani sinadari da wai yana kashe ƙwayoyin cutar daji, ya tura wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Abin da ya kamata ya dame mu shi ne sunayen ƙage na Afirka da cibiyoyin ƙage na biranen Afirka ya yi amfani da su don abin ya yi kama da gaske. Wani nazari da Cenyu Shen da Bo-Christer Björk suka buga a 2015 ya ƙiyasta cewa maƙalun irin waɗannan mujallu sun tashi daga kimanin 53,000 a 2010 zuwa kimanin 420,000 a 2014, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da marubutansu suka fi yawa.

Kada ka yarda da tambarin da mujalla ta liƙa a shafinta. Je shafin rumbunan mujallu irin su Scopus ko DOAJ ko AJOL da kanka ka nemi sunanta. Ɗauki mutum biyu daga jerin editocinta ka duba ko suna nan a jami'o'in da aka ce. Buɗe maƙala uku da ta buga ka ga ranar da aka turo da ranar da aka amince. Kuma kasancewar mujalla ta gida ba aibi ba ne, kamar yadda kalmar "ƙasa da ƙasa" a suna ba daraja ba ce. Bayero Journal of Pure and Applied Sciences ta Kano, da Sokoto Journal of Veterinary Sciences, da Annals of African Medicine duk a Arewa suke, masu karanta su kuma su ne suka fi buƙatar sanin abin da ke cikin hantar shanun Potiskum.

Ko a mujallar kirki ma, tantancewa ba hatimin gaskiya ba ce. A 1998 editocin mujallar likitanci ta BMJ sun dasa kurakurai takwas da gangan a wata maƙala suka rarraba wa masu tantancewa; fiye da 200 suka amsa, a matsakaici kowa biyu ya gano. A wannan shekarar ta 1998 The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield, mai yara 12 kacal, da ta jefa shakku kan allurar rigakafin ƙyanda, ba a janye ta ba sai 2010, bayan ta yi ɓarna. A 2023 kaɗai an janye maƙalu fiye da 10,000 a duniya. Mai tantancewa takarda yake gani, bai je kwata tare da kai ba. In ka ƙirƙiro alƙaluma yana iya wucewa bai gani ba, wannan kuma tsakaninka da Allah ne, da kuma wanda zai zo ya maimaita aikin.

Wata rana kai ma za a turo maka maƙalar wani ka tantance. In ba fanninka ba ne, ko ka gane aikin abokinka ne ko na wanda kuke takun-saƙa, mayar da wuri. In ka karɓa, amana ce: ba a nuna wa kowa, ba a ɗebi komai daga ciki. Layi biyu na "aiki ya yi kyau, a buga" ba taimako ba ne; rubuta irin rahoton da za a iya gyara da shi.

Ga kwamitocin ƙarin girma na manyan makarantunmu, daga Potiskum zuwa Damaturu da Gashuwa da Gaidam, ina da roƙo guda. Muddin ƙirga maƙalu kawai ake yi, mai buga goma a mujallun kwana uku zai ci gaba da wuce mai haƙurin buga biyu na gaske. Duk maƙalar da aka gabatar, a nemi a haɗo da rahoton masu tantancewa da wasiƙar amsar marubuci. Wanda ya bi ta ƙofa yana da su a akwatin imel ɗinsa, fito da su ba zai ɗauke shi minti biyar ba.